Akwatin Famfon Garin Ɓaushe

Cindo ɗan maƙera ne, amma bai gaji ƙira ba. An haife shi a Garin Ɓaushe, kudu da Gazawa, da yatsa shida a hannun dama. Wanzami ya cire na shidan tun kafin ranar suna, sunan dai ya zauna. Ubansa ya so ya zaunar da shi bakin zugazugi, shi kuwa hankalinsa na wurin rediyon kawunsa, wanda ya taɓa ɓalle wa baya don ya ga masu maganar da ke ciki. Ya yi lakol har ajin ƙarshe na firamare, ya faɗi jarrabawa, aka ce ya koma gona. Bai koma ba. Ya tsallaka Katsina ya zauna wurin wani mai gyaran rediyo, yana share shago yana riƙe dalma, har hannunsa ya faɗa.

Da ya dawo gida ya zo da mita mai allura, da ƙarfen narka dalma irin wanda ake turawa cikin garwashi, da wata ƙa'ida da maigidansa ya dasa masa a ka: in na'ura ta ƙi aiki, ka ba ta wuta, ka bi kayan cikinta da yatsa. Wanda ya ƙone ka shi ne mai laifi. Ka cire shi ka sa wani.

Ƙa'idar nan ta ciyar da shi shekara da shekaru. Ranar kasuwar Gazawa yana zama a wata rumfa tsakanin mai batir da mai ɗinkin takalma, ana kawo masa rediyo da tocila da caja, daga baya salula da fitilun sola. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya kuma cire kayan mutane masu kyau ya sa musu matattu, yadda wasu abokan sana'arsa ke yi ba kunya. Hayaƙin dalma ya bar masa tari. Fatar manuninsa ta mutu saboda ƙuna, sai ya lasa mata miyau kafin ta ji zafi. Matarsa Tani ce ke riƙe da gidan, shi kam in ya duƙa kan wani rediyo ko an kira salla sai an taɓa shi.

Sai ƴan furoje, ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, suka zo. Suka haƙa rijiyar burtsatse a gefen gari, suka jera farantan sola, suka ɗaga shato, wato babban tankin ruwa a sama, suka kewaye fili da waya suka ce lambun mata ne. A cikin wani ɗan ɗaki suka kafa akwatin ƙarfe a bango, shi ne ke karɓar wutar rana ya juya ta yadda famfon da ke ƙarƙashin ƙasa zai ja ruwa. Suka yanka ƙyalle, suka ɗauki hoto da matan gari suna dariya, suka ba wani dattijo mai suna Jaye makulli. Abin da suka koya masa bai wuce ya riƙa goge farantai ba, kuma kada ya buɗe akwati. Babu wanda ya tambaya ko akwai mai gyara a duk yankin. Babu wanda ya bar ko zanen abin da ke cikin akwatin. Lambar wayar da suka rubuta a jikin ƙofa ta daina shiga tun fentin bai dushe ba.

Lambun dai ya yi albarka, ba a musu. Shekarar da ake wannan magana ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai, kafin sanyi ya wuce rumbuna sun zama fanko. Albasa da shu, wato kabeji, da zogalen lambun nan su ne abincin gari. Mata su kai Gazawa da Cadawa su sayar, su auno masara. Maza da yawa sun tafi cirani, waɗanda suka rage suna zaune a inuwa suna tattauna abin da ya kamata a yi.

Da bazara ta kama, famfo ya soma tsayawa da tsakar rana. Jaye ya dafa akwatin ya ji shi kamar murfin tukunya. Shi asalinsa makiyayi ne, iyayensa suka zauna suka kama noma, kuma duk rayuwarsa ya san yadda ake sanyaya abu: a naɗe jarka da buhun algarara, a jiƙa, a rataye a iska. Ko a tashar mota haka masu ruwan sanyi ke yi. Ya samo buhu ya lulluɓe akwatin, ya ɗaure da igiya, yana bin sa da buta. Abin takaici, da farko ya yi aiki. Don haka ya ƙara ƙaimi, duk sanda ya wuce sai ya tsiyaya masa ruwa. Bayan ƴan makonni famfon ya koma tsayawa tun hantsi.

Kyauta, shugabar matan lambu, tsohuwa mai murya kamar ta namiji, ita ta je har gida ta sami Cindo.

"Tashi ka duba mana abin nan," ta ce. "Ka gyara rediyon kowa don su ji labarin duniya, albasarmu na mutuwa a bayan gidanka."

"Inna, an ce kada a buɗe."

"Wanda ya ce ɗin yana ina? Kira min shi in gaishe shi."

Ya ɗauki jakarsa ya bi ta. Jaye na tsaye bakin ɗakin da buta a hannu. Da Cindo ya ga buhun sai ya tsaya.

"Baffa, wa ya yi wa akwati wanka?"

"Ni na yi. Da ban yi ba da tuni ya narke. Kai ɗan maƙera me ka sani game da sanyi? Ku da aka haifa cikin toka."

"Ai na ga ka mai da shi saniya. Saura ka tatse shi."

Jaye ya yi dariya, Kyauta ba ta yi ba. Cindo ya kwance buhun. Ƙarƙashinsa ramukan shan iska ne, zanzaro ya toshe su da gidajen laka, ɗan fankan da ke ciki ya ƙame ba ya juyawa. Mafarin zafin ke nan. Buhun kuma ya rufe ɗan abin da ya rage na iska, ruwansa na ɗiga ciki ta gefen murfi.

Ya kakkaɓe lakar, ya sa wa fanka mai ya tashi, ya goge koren allon da kayan wuta ke jere a kai da burushi. Aka ba shi wuta. Famfo ya yi gurnani, ruwa ya soma zuba cikin shato. Cindo ya lasa yatsa ya shiga bin kayan ɗaya bayan ɗaya. Wannan lafiya, wannan ɗumi kawai. A tsakiyar allon akwai wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa ba, da siraran ƙafafu jere ta kowane gefe kamar haƙoran mataji. Masu gyara na ce wa irinsa aisi. Yana ɗora yatsa ya janye, miyan ya ƙafe nan take. Ba a jima ba wata jar fitila a jikin akwatin ta kama, famfo ya yi shiru.

"Ga shi nan," ya ce. "Shi ne."

Bai cire shi ranar ba, don ba shi da irinsa. Ya yanko wani yanki daga tsohuwar tukunyar dalma, ya goge shi ya yi sumul, ya manna a bayan aisin don ya riƙa janye zafi, ya bar murfin akwatin a buɗe, ya hana Jaye kusantarsa da buta. Da wannan dabarar famfon ya koma aiki daga fitowar rana zuwa wajen azahar, ya huta, ya ɗan taɓa da la'asar. Ba cikakken ruwa ba ne. Ana buɗe shato, fangalin da ke kusa su sha su ƙoshi, kafin ruwa ya kai ƙarshen bututu ya zama ɗigo. Fangalin Tani su ne na ƙarshe, jikin waya.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Kullum sai ta ɗauki bokiti ta bi maƙwabta tana roƙon ragowar ruwa, ta dawo ta zauna tana murza ƙafa. Wata rana da safe tana dama kunu ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, mata na cewa ka gyara wa kowa ka bar matarka. Na ce musu haka kake, ko tocilar gidan nan da roba take ɗaure."

Ya je ya sami Kyauta ya ce zai sauya aisin, ruwa ya dawo yadda yake.

"In ka bar shi haka fa?" ta tambaya.

"Zai ci gaba da cin kansa. Wata rana ya mutu."

"Wata rana. Albasa saura kaɗan ta yi kai. Ka bari mu cire tukuna. Zan sa a riƙa juya ruwan, yau na gaba, gobe na baya."

"Kin faɗa musu haka tun makon jiya, Inna. Wa ya yarda?"

Gaskiya ya faɗa. Masu fangalin gaba matan masu gari ne da danginsu, ba mai juya musu ruwa.

"Ka tabbata ka iya?"

"Aikina ne. Na sauya irinsa a salula ba adadi."

Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ya kai shi ya baro. Ya kwafi lambar da ke bayan aisin a tafin hannunsa ya hau motar Maraɗi. A bayan kasuwa akwai masu tara matattun na'urori, tsibi-tsibi. Ya yini yana tono a rumfar wani Abdu, har ya ci karo da wani allo mai ɗauke da baƙin aisi iri ɗaya, lamba ɗaya, ƙafafu ɗaya.

"Daga me aka ciro wannan?" ya tambaya.

"Wa ya sani? Daga wani buro aka kwaso su, ofishin ma'aikata. In lamba ta yi daidai ai shi ke nan, ko aure za ka ɗaura masa da kake tambayar asali?"

Washegari da sassafe ya kwance allon famfon daga akwati, ya naɗe shi a rawani, ya ce wa matan su yi haƙuri da ruwan yau, kafin la'asar zai dawo. Ya tafi Gazawa wurin wani mai gyaran salula da ke da injin hura iska mai zafi, don irin waɗannan ƙafafu ba a cire su da ƙarfen garwashi.

Tsohon aisin ya ƙi tashi. Masu ƙera allon sun shafe shi da wani abu kamar ƙaro, ya riƙe shi gam. Cindo ya ƙara zafi, ya ƙara kusantar da bakin injin, har bayan aisin ya kumbura ya yi ƙuraje. Ya sa reza ya ɓanɓare shi, wasu ƙafafun suka tsinke suka zauna a allon. Bai damu ba. Mai laifi ne, ya jefa shi cikin gwangwanin da mai shagon ke tara matattun kaya. Sannan ya zauna da gilashin ƙara girma ya dasa sabon, ƙafa bayan ƙafa, yana riƙe numfashi don tari kada ya girgiza masa hannu. Mai shagon ya leƙo ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Da la'asar matan na tsaye da bokitai a bakin ɗakin. Ya mai da allon, ya ɗaure wayoyi, ya ce bismillahi ya ba shi wuta. Fanka ya juya. Famfo bai motsa ba. Ya kashe ya sake kunnawa. Shiru. Ya lasa yatsa ya ɗora kan sabon aisin, ya ƙone shi daidai yadda tsohon ya yi.

Nan ya gane. In sabo ma na zafi, to tsohon ba shi da laifin komai, wani ne ke ɗura masa wuta fiye da ƙima. Ya bi siririn layin da ke kawo wa aisin wuta, baya-baya, har gefen allon, daidai inda ruwan buhu ke ɗiga. A can, ƙarƙashin wata waya, akwai wani ɗan abu mai ƙafa uku wanda aikinsa rage ƙarfin wuta kafin ta shiga aisi. Ƙafafunsa sun yi kore da tsatsa. Ya sa mita: yadda wuta ke shiga haka take fita, bai rage komai ba. Shi kansa ko ɗumi bai yi ba, shi ya sa yatsa ya wuce shi. Irinsa na cikin kowace matacciyar dikodar talabijin, akwai ma a jakar Cindo. Ya sauya shi a tsaye. Aisin ya huce, ya yi sanyi lau. Famfo dai bai ce uffan ba.

"Yaya?" Kyauta ta tambaya daga ƙofa.

"Saura kaɗan, Inna."

"Ka dube ni ka faɗa."

Bai dube ta ba. Da gari ya waye ya koma Gazawa ya zazzage gwangwanin, ya tsinto tsohon aisin, ya yi masa ƙafafu da zaren waya ya mai da shi. Bai tashi ba. Ya naɗe allon ya sake hawa motar Maraɗi, aka kwatanta masa wani Ridwanu mai kafa famfunan sola, wanda ya yi karatun abin a lakol.

Ridwanu ya juya allon a hannu, ya dubi aisin biyu, ya ja tsaki, ba na raini ba.

"Baba, wannan ba irin na rediyo ba ne. Irin wannan fanko ake ƙera shi, ba ya san komai. Wanda ya saya shi ke zuba masa karatun aikin da zai yi. Naka na farko an koya masa tuƙa famfo. Wanda ka sayo, jikinsu ɗaya, amma mai yiwuwa daga injin buga takardu ya fito. Abin da ya sani ke nan."

"To a koya masa famfon."

"Da me? Karatun na wurin kamfanin da ya ƙera akwatin, ba su ba kowa. Kwafin da ke ƙasar nan ɗaya ne, yana cikin wannan." Ya taɓa tsohon da bakin biro. "Shi kuma ka dafa shi da zafin injin."

Cindo ya ce, "Da na sauya mai ƙafa ukun kawai fa?"

Ridwanu ya ajiye biron. "Da wataƙila yana aiki har yanzu. Tunda yana jan ruwa da safe, bai mutu ba lokacin." Ya ce sai dai a sayi sabon akwati gaba ɗaya, wanda ya dace da famfon da ke cikin rijiyar, a yi odarsa daga waje ta Yamai. Ko yau aka rubuta wa magajin gari takarda, aka yi sa'a ya amsa, damina za ta riga akwatin isowa.

Ya dawo ya faɗa wa Kyauta komai a gaban matan, bai rage laifinsa ba, bai kuma ambaci buhun Jaye ba. Ba wanda ya zage shi a ranar. Wata daga cikin masu fangalin gaba ta ce, "Mu da muke samun ruwanmu lafiya." Kyauta ta juya ta ce mata, "Da kun bar na baya sun sha, da bai taɓa shi ba. Rufe min baki." Sannan ta dubi Cindo. "Kai kuma na ce ka bari. Ba zan sake faɗa ba, ka riƙe shi."

Mazan inuwa suka yi taro, suka karɓe makulli daga hannun Jaye, kamar akwai sauran abin da za a kulle. Tsohon ya daina fitowa masallacin Juma'a na ɗan lokaci. Aka rubuta takarda, aka kai buro, aka ce za a duba. Na furoje kuwa, waɗanda suka kafa wa mutane abin da ransu ya rataya a kai suka tafi da sirrinsa a aljihu, ba wanda ya san ma a wace ƙasa suke ɗaukar hoto yanzu.

Mata suka koma tsohuwar rijiya mai zurfin gaske, wadda sai da sa ake jan gugarta. Ruwanta da ƙyar yake isar sha da girki da dabbobi. Cindo ya ari amalanke yana ɗauko jarkoki daga wani ƙauye, yana zubawa a fangalin Tani da na duk wadda ta tsaya kusa. Ƙasar bazara ta shanye kamar ba a zuba ba. Shu ya fara zubewa, ganyen albasa ya kwanta ya yi fari daga sama. Kyauta ta ce a tuge kafin a rasa duka. Abin da aka tugo ƙananan kawuna ne kamar goro, ba mai sayensu a matsayin albasa, aka daka ganyen aka yi gabu. Zogale kaɗai ya tsaya.

Kafin wata ya ƙare mata suka fara fita aikatau, wasu Maraɗi, masu ƙarfin hali har Agadas. Tani ta kai ƙananan yaransu wurin uwar Cindo, ta ɗaure kayanta a zani. Wata ƴar'uwarta ta samo mata wurin wanke-wanke a gidan abinci kusa da tashar Maraɗi. Shi ya ɗauke ta a babur ɗin aro zuwa Gazawa. Da ta sami wuri a bayan mota, ƙunshinta a cinya, ya tsaya jikin taga.

"In ruwa ya sauka ki dawo," ya ce. "Zan yi shukar ni kaɗai kafin nan."

"Irin da za ka shuka mun ci shi, Malam."

"Zan nemo."

Ta gyara mayafinta. "Ƴarmu Fati na tari da safe, ka ce wa innarka kada ta ba ta ruwan randa. Akwai sauran gabu a ƙwarya bisa rumbu, a rufe shi saboda awaki."

Ɗan kamasho ya buga bayan motar, direba ya ja. Cindo ya tsaya har ta hau kwalta ta miƙe yamma, sannan ya tura babur ɗin ya mai da wa mai shi.